Da Dangi a Birni, Ka Kwana a Otal?

Duk wanda yake da jini a cikin ganuwar Zariya, ko da kakarsa ce kaɗai ta fito daga Kwarbai ko Unguwar Juma, ya san wannan hukunci: in ka shigo gari, gida za ka sauka. Ba a tambayar abin da ya kawo ka, ba a tambayar kwana nawa za ka yi. In kuwa da yaro ka zo, to magana ta ƙare, domin a ganin mutanenmu babu dalilin da zai sa ɗan mutunci ya ɗauki ƙaramin yaro ya kai shi otal alhali ga ɗakin kakanninsa a buɗe. Wanda ya yi haka, ko dai kuɗi sun sa ya fara ɗaga kai, ko matarsa ce ba ta son dangin miji, ko kuma boko ya ratsa shi. Haka ake yanke masa hukunci a zaure, bayan ya juya baya.

Masu faɗin haka iyayenmu ne da yayyenmu, kuma ba son iko ne yake sa su faɗa ba. Bazazzagi yana jin nauyin a ce ɗan'uwansa ya biya kuɗin kwana a garin da shi yake da gida. Sannan sunan da otal ya yi a Zariya ba daga sama ya faɗo ba. Turawa sun kafa sansani a nan a 1902, layin dogo ya ratsa garin ya isa Kano a 1911, aka yanka wa ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwar kudu Sabon Gari can ƙetaren Kubanni. Abin da ba a yarda a sayar a cikin ganuwa ba, a can ake sayar da shi a fili, da kiɗa da komai. Dattijon da ya tashi yana jin ana cewa wane ya lalace, yanzu a otal yake kwana, ba za ka zo masa rana tsaka ka ce can za ka kai jikansa ya sa maka albarka ba. Duk wannan na yarda da shi. Inda na rabu da su, cikin ladabi, shi ne mayar da abin doka da ta hau kan kowace tafiya da kowane yaro. Akwai tafiyar da sauka a Birni zalunci ne ga yaron, kuma wahala ce ga masu gidan da ba za su taɓa buɗe baki su faɗa ba.

Al'adar ta kafu ne lokacin da duk abin da zai kawo baƙo Zariya yana cikin ganuwa. Ko fada ya zo, ko kasuwa, ko karatu wajen malaman Kona da Juma, ko ɗinkin babbar riga wajen masu aikin hannu. Ya shigo ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan, ya sauke kayansa, duk inda zai je da ƙafa zai taka. Yau mafi yawan abin da yake kawo iyaye Zariya da yaro a hannu yana wajen ganuwa, wasu ma nesa da ita ƙwarai. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 tana Samaru, reshenta na shari'a da harkokin mulki yana Kongo. Makarantar yara ta soja da wurin horar da kuratan soja suna ɓangaren Sabon Gari. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana wajen Palladan, Kwalejin Barewa tana hanyar Gaskiya, asibitin mishan yana Wusasa. Babban abin da ya fi jawo masu yara kuwa, wato asibitin koyarwa na jami'a, yana Shika, gaba da Samaru a kan hanyar Funtuwa. Fadar Sarkin Zazzau tana ƙaramar hukumar Zariya, Samaru tana ta Sabon Gari, Shika tana ta Giwa. Mutum zai ce ya zo Zariya, amma tsakanin inda ya kwana da inda yake da buƙata akwai ƙananan hukumomi uku.

A lissafa hanyar. Daga wajen Babban Dodo a cikin Birni zuwa ƙofar asibitin Shika tafiyar ba ta kasa kilomita 15 ba. Wanda ba shi da mota sai ya fito lungu ya tari keke Napep ko acaɓa zuwa Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya haye Kubanni, ya kai PZ ko Kwangila, sannan ya shiga bas mai zuwa Samaru da Shika. Hawa biyu, wani lokaci uku, kowanne da jiran a cika. Babban asibiti kuwa ko'ina yake, wanda ya riga zuwa shi yake gaba a layin kati. Ke nan uwar da take son ganin likita da wuri, tun kafin a kira assalatu za ta tashi yaro, ta yi masa wanka a tsakar gidan mutane cikin duhu, ta fita da shi. A watan Disamba ko Janairu, wanda ya san hunturun Zariya ya san abin da nake nufi. Keke ba shi da ƙofa. In yaron mai sikila ne, kuma da yawa daga cikin yaran da ake kawowa daga Funtuwa da Gusau da Malumfashi su ne, sanyi yana cikin abubuwan da suke tayar masa da ciwon ƙashi. An zo neman sauƙi, sai hanyar zuwa neman ta kwantar da shi. In gwajin na kwana uku ne a jere, sai a maimaita wannan sammakon sau uku, a kuma dawo da rana tsaka da yaro a galabaice. Ɗakin da ke Samaru ko kusa da ƙofar asibitin yana mayar da duk wannan tafiyar 'yan mintoci.

Akwai kuma abin da gida mai yawan jama'a ba ya iya riƙewa, komai kyawun zuciyar mutanensa. Wata baiwar Allah da na sani ta kawo ɗanta ɗan shekara huɗu za a yi masa ƙaramar tiyata. An gaya mata kada ya ci komai tun daga dare, saboda in aka sa wa yaro maganin barci da abinci a cikinsa, yana iya yin amai ya shaƙe. Ta sauka gidan kawunta, ta kuma sanar da kowa. Da asuba ta shiga wanka. Yaro ya fito tsakar gida yana kukan yunwa, sai matar kawun, tsohuwa mai tausayi, ta janyo shi jikinta.

"Zo nan, mai gidana. Wane irin likita ne zai ce a bar yaro da yunwa? Ungo, kurɓi kaɗan, ba wanda zai sani."

Ta ba shi koko rabin kofi da ƙosai guda. Uwar ta fito ta ga maiƙo a bakinsa.

"Inna, me kika ba shi?"

"Ke ma dai! Ɗan koko ne fa, ai ruwa ne."

Aka je asibiti, aka tambaya, ta faɗi gaskiya, aka ɗaga aikin zuwa wata rana. Kuɗin mota daga garinsu da komawa, da hutun da mijin ya roƙa a wajen aiki, duk sun tafi a rabin kofin koko. Kuma wa za ta yi wa faɗa? Tsohuwar nan ƙauna ce ta sa ta. A gidan da ke da mata huɗu da jikoki goma sha wani abu, kowa yana da hannu a kan yaro, kowa yana da maganin da ya sani. Wannan ta kawo jiƙo, waccan ta ce a shafa masa man kaza, uwa kuwa baƙuwa ce, kunya ba za ta bar ta ta ce a'a sau uku a jere ba. A ɗakin da ta biya kuɗinsa, ita ce da makulli.

Masu cewa a sauka gida suna kallon abin ta fuskar baƙo ne kawai, sun manta da yaran gidan. Yaron da aka kawo da zazzaɓi da tari ba a san me yake ɗauke da shi ba sai likita ya duba. Ƙyanda tana yaɗuwa tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, allurarta kuwa sai jariri ya kai wata tara ake yi masa. In akwai mai jego a gidan da jaririn wata biyar, me aka kai mata? Mun ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano da Yobe da Katsina a 2023, kuma ta numfashi da cuɗanya yake bi. Haka nan ta ɗaya gefen: yaron da jikinsa ya riga ya yi rauni, a kwantar da shi a ɗaki ɗaya da yara shida, abin da bai zo da shi ba sai ya koma da shi. Raba shimfiɗa a irin wannan hali kiyaye haƙƙin dangi ne.

Ga kuma nauyin da ba a faɗa. Gidajen Birni na gado ne, an raba an sake rabawa, ɗakin da a da na mutum ɗaya ne yanzu iyali guda ne a ciki. In baƙo ya zo, wata za ta kwashe 'ya'yanta ta koma ɗakin kishiya ko na suruka. Za a yanka kazar da ba a yi niyya ba, a ƙara awo, a sayo ruwa wajen 'yan garuwa fiye da kullum. Za su yi da fara'a, su rantse maka ba komai. A tsadar rayuwar yau, akwai komai. Addinin da ake kafa hujja da shi wajen girmama baƙo ma bai bar abin sakaka ba: hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya iyakance liyafa a kwana uku, ya mayar da abin da ya wuce haka sadaka, ya kuma hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Jinya kuwa ba ta san kwana uku ba. Ka zo da niyyar kwana biyu, a ce a dawo jibi a karɓi sakamako, jibi a ce sai babban likita ya shigo ranar Talata.

Har cewa da ake yi biyan kuɗin masauki baƙon abu ne a wajen Bahaushe, tarihi bai goyi bayansa ba. Fataken da suka yi safarar goro daga Gwanja ba gidajen gwaggonninsu suke sauka ba. Zango suke sauka, in sun shiga birni kuma wajen fatoma, wanda zai ba su ɗaki da abinci, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya ci la'adarsa. Unguwannin Hausawa na Kumasi da Akara har yau Zango ake kiran su. A Sabo ta Ibadan, a da masu gidajen da suke saukar da fataken shanu da na goro su ne manyan unguwa, har wani masani, Abner Cohen, ya yi littafi a kansu a 1969. A nan Zariya ma akwai Zangon Shanu kusa da Samaru. Kakanninmu sun san bambancin tafiyar zumunci da tafiyar buƙata, kowacce da masaukinta, kuma ba wanda ya ce sun yanke zumunci.

Ba ina cewa a guji Birni ba ne. In biki ya kawo ka, ko suna, ko ta'aziyya, to wurinka yana cikin gida, a kan tabarma ɗaya da kowa, kuma wanda ya tsallake zaman makoki ya tafi ɗaki mai sanyi ya cancanci abin da za a faɗa a kansa. In kallon hawa ka kawo yaro, a nan ma masu cewa a sauka gida sun fi ni gaskiya. Ranar Hawan Sallah da Hawan Daushe hanyoyin fada cika suke yi da dawakai da jama'a, wanda ya kwana a waje zai sha wuya kafin ya shigo da ƙaramin yaro, wanda ya kwana a Kwarbai kuwa daga ƙofar gida ko saman soro zai ga komai, in yaro ya gaji a shigar da shi ciki. Yaron da aka haifa a Abuja ko Legas yana da haƙƙin ya kwana a ɗakin ƙasa, ya ga ƙofar fada da zanenta, a nuna masa masallacin Juma'ar da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, wanda wani sashensa ya rufta a Agustan 2023. Wannan ba otal ɗin da zai ba shi. Ko rashin lafiya ne, in asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan za a je, gidan dangi a Birni ya fi kowane otal kusa. Abin da ya kawo ka shi ne zai nuna maka inda za ka kwana.

Yadda ake faɗa wa dangi ma yana da muhimmanci, don yawancin ɓacin ran daga nan yake tasowa. Kada su ji a bakin wani cewa an gan ka a gari. Ka fara zuwa gida da tsarabarka, ka durƙusa ka gaishe su, yaro ya zaga hannu, sannan ka kawo maganar.

"Gwaggo, likita ya ce ƙarfe bakwai mu kasance a Shika, kwana uku a jere. Na kama ɗaki a Samaru saboda sanyin asuba. Amma abincin rana nan za mu riƙa ci, in kin yarda."

Za ta ce, "Haba ɗan nan, muna raye?" Za ta ɗan yi fushi. Amma ka ba ta dalili, ka kuma bar mata aikin da za ta yi, mai dafa wa jikanta tuwo kuwa ba ta jin an ware ta.

Sai dai waɗanda suka yarda da kama ɗaki ma suna da nasu kuskuren, kuma shi ne ya fi ba ni haushi, don na masu ilimi ne. Mutum yana zaune a Kaduna ko Sakkwato zai buɗe waya, ya ga hoton gado da labule, ya ga an rubuta wurin yana tsakiyar gari, ya tura kuɗi. Tsakiyar wane gari? Zariya ba ta da cibiya ɗaya. PZ tsakiya ce ga mai zuwa banki, Kongo tsakiya ce ga mai zuwa reshen jami'a, amma mai zuwa Shika da ya kwana a Kongo bai rage wa kansa hanya sosai ba a kan wanda ya kwana a Birni, ga shi ya biya kuɗi ya kuma ɓata wa gwaggo rai a banza. A cikin ganuwa kuwa kada ma a wahalar da kai da nema, masaukan kuɗi kusan duk a waje suke: GRA, Sabon Gari, Kongo, Kwangila, Hanwa, Palladan, Samaru. Ka fara sanin ƙofar da za ka shiga da safe, daga nan ka auna baya.

Kusa kuma ba a taswira kaɗai ake ganin ta ba. Babbar hanyar Kaduna zuwa Kano tana bi ta Ɗanmagaji da Kwangila, tireloli ba sa barci a kanta. Ɗakin da tagarsa ke kallon titi, babba zai jure, jariri ba zai runtsa ba. Masaukin da ke daidai wurin da za ka, amma a ɗaya hannun titi mai tagwayen hanya, yana nufin kullum sai ka tsallaka da goyo a baya da wani a hannu. Gara mai ɗan nisa a hannunka. Tsoron dattawanmu ma yana da amsa a aikace: ka kira ka tambaya kai tsaye ko akwai mashaya a harabar, ko suna ba da hayar fili don biki. Akwai wuraren da ba su da ko ɗaya, akwai gidajen baƙi na makarantu da cibiyoyi da ba ka jin motsin kowa bayan isha'i. In an ce akwai ɗakin taro, ka tambayi ko an kama shi daren Juma'a ko Asabar, don amsa-kuwwar 'yan biki ba ta san akwai marar lafiya a ɗaki na kusa ba.

In ka isa, kafin ka biya ka ce a nuna maka ɗakin. Ka duba ragar taga, in ta yage sauro ya riga ka kama ɗakin. Gidan sauron yaro dai kada ya bar jakarka, musamman da damina. Ka tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareto, domin a zafin Maris da Afrilu ɗakin da aka gina don na'urar sanyaya wuri, in wuta ta ɗauke, ba ya zaunuwa. Ka buɗe famfo ka gani da idonka. In ruwan zafinsu bokiti ne da hita mai waya tsirara, ka ce su dafa a can su kawo, kada abin nan ya kwana inda mai rarrafe yake. Ka nemi ɗakin ƙasa; ƙarafan baranda a benaye da yawa an yi su da faɗin da kan yaro zai wuce. Ka leƙa waje ka ga ko akwai kemis da mai shayi da za a iya zuwa da ƙafa, don yaro ba ya jiran kicin ɗin otal ya buɗe. In kuma tafiyarka ta faɗo makon bikin yaye ɗaliban jami'a ko na kuratan soja, ka kama ɗaki tun da wuri, garin cika yake yi.

Macen da za ta zo ita kaɗai da yaro tana da ƙarin damuwa, bakin mutane ya fi kaifi a kanta. Ba na ganin laifinta in ta ɗauko ƙanwarta ko ƙaninta su zo tare. Ko ba don magana ba, mai jinyar yaro tana buƙatar wanda zai riƙe mata shi in za ta bi layin biyan kuɗi ko na magani.

Saura hujja mafi ƙarfi, wato kuɗi. Mafi yawan masu kawo yara Shika sai da suka sayar da akuya ko buhun masara kafin su taso, maganar otal a wajensu kamar zolaya ce. Gaskiya ne. Amma ko a nan a yi lissafi da alƙalami: kuɗin keke da bas na mutum biyu, zuwa da dawowa, kullum, da ɗan abin da za ka ajiye wa masu gida na cefane, da sabulu da alawar yaran gida, a haɗa a kwatanta da ƙaramin ɗaki mai tsabta kusa da inda za a je. Wani lokaci gida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, wani lokaci tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Wanda kuma lissafin bai fitar da shi ba, ba dole sai babban gida na Birni ba. Ya duba cikin dangi da abokan arziki wa yake zaune a Samaru, ko Hayin Dogo, ko Bomo, ko Palladan, ko da ɗan ƙanen baba ne da ke aikin masinja a jami'a mai ɗaki biyu, ya roƙe shi kwana uku. Mutanen Birni za su ce an tsallake manya an sauka wajen yaro, sai a je a ba su haƙuri da yamma, bayan an ga likita.